Ƙwan Ƙarshe na Jajayen Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yar lelena sarauniyar ƙiriniya. Mu nan alhamdu lillahi. Jikin Baba da sauƙi, in dai sauƙin shi ne abin bai ƙaru ba. Ɓarin daman har yanzu ba ya motsi, bakin ma bai buɗe ba, sai dai ya yi nuni da hannun hagu, in ba a gane ba ya bugi katifa. Mama tana fama. Ta ce in gaya miki ƙafarta ta daina kumburi. Ni dai ina kallon ƙafar, amma saƙo aka ba ni, na kuwa isar.

Kada ki yi mamakin ganin doguwar wasiƙa maimakon kira. Lokacin da kike tashi daga aiki mu mun daɗe da kwanciya, in kuma na yi sa'a na same ki, Mama na tsaye a kaina tana miƙo hannu a ba ta wayar. Maganar nan kuwa ta zama ce, ba ta tsaye ba.

Ƙwaƙwalwar injin ƙyanƙyasa ta ƙone. Allon nan kore da kika haɗa da hannunki kafin ki tafi, shi ne ya yi baƙi ta gefe guda, har ɗakin ya cika da ƙauri. Allah ya taimaka babu ƙwai a ciki. Na samo sabon allo, ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba, saura a zuba masa manhaja. A nan na tsaya.

Hanya biyu ce. Ko dai in ɗauko tsohuwar manhajarki ta yaren kwamfuta na C in gyara mata 'yan wurare ta hau sabon allon, ko in rubuta sabuwa fil da C++, yaren nan da kike ta yi mini tallansa. Taki na san ta kamar yunwar cikina. Jeri ɗaya ce daga sama har ƙasa: a auna zafi, a kunna hita ko a kashe ta, a duba danshi, a duba fanka, in lokaci ya yi a juya ƙwai, sannan can ƙarshe a taɓa mai gadi, a koma sama a sake. Kin tuna mai gadin ai? Ɗan agogon nan na cikin allo, wanda in aka ɗan jima ba a taɓa shi ba sai ya kashe komai ya tayar da injin daga farko. Ranar da kika yi wa Baba bayaninsa, cewa ya yi wannan ya fi duk ma'aikatan da ya taɓa ɗauka hankali, ga shi ba ya neman hutu.

Aibunta ɗaya, ba ta son a taɓa ta. Bara da na so canja lokacin juyi sai fanka ta tsaya, na yini ina neman abin da ya haɗa su, ban samu ba, na mayar da komai yadda yake. Yanzu kuma so nake ta riƙa aiko mini saƙo a waya, tunda rabin rayuwata a layin asibiti nake yin ta da Baba. Tsorona kada in ja zare ɗaya rigar ta warware.

Kin san abin da ake zubawa a injin nan ba kaji ba ne kawai. Jajayen Baba ne. Tun ba a haife ni ba yake zaɓen su, wannan zakara da waccan kaza, bai taɓa yarda jinin waje ya shigo ba, har suka zama irin da babu shi a gidan kowa, ja wur, gajerun ƙafafu, ga jure zafi ga saka ƙwai. Yanzu da ba ya magana, kullum da safe sai na tura kekensa bakin taga ya gan su kafin ya yarda ya karɓi magani. Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da taki, da tsohuwar zuma ake magani. Amma ke ce gwana. Me kika ce?

Ƙaninki,
Auta

*

Auta sarkin tsoro,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka, a tsaye na karanta ta cikin jirgin ƙasa har na kusa wuce tashata. Mu duk lafiya lau. 'Yar lelenka ta karya mini tabarau, ta ce wai kai ka koya mata. Ka riƙe mini hannun Baba ka ce ina gaishe shi. Mama kuma ka ce mata na ji saƙon ƙafa, ban yarda ba.

Tsohuwar zuma? Ni za ka yi wa daɗin baki? Abin nan da na rubuta ina ɗaliba, ban san hagu da dama ba, shirme ne tsagwaronsa. Yau in wani ya kawo mini irinsa a wurin aiki, ko kujera ba zan ba shi ba. Kana son sanin abin da ya haɗa juyi da fanka? Ma'aji ɗaya suke ajiye lissafinsu, kowa ya sa hannu ya ɗiba, kowa ya zuba. Shi ya sa in ka taɓa nan sai can ya yi kuka.

Bari in kwatanta maka da gidanmu. Manhajata Mama ce. Ita ce shara, ita ce girki, ita ce wanki, ita ce kulle ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, ranar da ta kwanta ciwo gida ya tsaya cak. Yaren da nake gaya maka kuwa gida ne da aka raba aiki. Hita abu ce mai zaman kanta, ta san yadda take kunnuwa da yadda take mutuwa, ba wanda ke sa mata hannu a aljihu. Ma'aunin zafi haka, fanka haka. In kana son wani abu wurin ɗayansu tambaya za ka yi, ba ka kutsa masa ɗaki ba. Gobe in ka sayi inji na biyu ba sai ka kwafe komai ka liƙa ba, tsarin nan ɗaya zai haifa maka hita ta biyu da fanka ta biyu. Saƙon wayar da kake so kuwa sabon ɗaki kawai za ka gina masa, ba sai ka rushe katanga ba.

Ban ce jeri ba shi da ranarsa ba. Ƙaramin aikin da ba zai girma ba jeri ya ishe shi, ga sauƙin bi da ido. Amma kai so kake ka tsufa da inji ɗaya a bayan gida? Kuma sai yaushe za ka daina raɓewa a inuwata? Karatun da na yi ka yi shi, har ka fi ni maki, amma kullum sai "Yaya me kika ce". Haba Auta.

Ka yar da tawa. Duk abin da ka gani a cikinta ka ba shi ɗakinsa, hita, fanka, ma'auni, mai juyi, har mai gadin, kowa ya ji da kansa. In ka gama ka turo mini in bi ta layi-layi. Sannan ka bar injin ya yi ta aiki babu ƙwai har tsawon ƙyanƙyasa guda, kafin ka ba shi amanar ko ƙwai ɗaya. Ba sauri ake yi ba. Kaji suna nan suna saka, ba gudu za su yi ba.

Yayarka

*

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya. Baba ya yi mura ta wuce. Mama ta ce kin cika bincike, wai daga can ma sai kin leƙa mata ƙafa.

"Shirme" ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Wannan shirmen ne ya ƙyanƙyashe kajin da suka kai ni makaranta. Maganar inuwa kuwa, sai dai in ce wanda aka bari da jinya da tsohuwa da kaji, ina ya ga lokacin fita neman rana? Amma na huce, kuma na bi maganarki.

Na rubuta sabuwar. Wallahi Yaya da gaskiyarki, abin akwai daɗi. Da farko na yi ta dawurwura, hannuna na ta komawa jeri kamar akuyar da ta saba da turke ɗaya. Daga baya kan ya buɗe. Kowane abu da ɗakinsa, kowa da ma'ajinsa. Na canja lokacin juyi don in gani, fanka ko gezau. Mai gadin ma na yi yadda kika ce, na ciro shi daga gindin jeri na ba shi lokacinsa na kansa, yana taɓa agogon da kansa a kai a kai, ba ya jiran kowa. Shi na ɗora wa aikin saƙon waya. Yanzu ko ina nake sai in ji ƙit a aljihu, in duba in ga "Komai lafiya." Mama ta ce in haɗa mata irinsa a maƙala wa Baba, ta samu ta riƙa yin wanka a natse.

Na kunna injin babu ƙwai, 'yan kwanakin nan yana tafiya sumul. Ga rubutun nan na haɗo miki. Ki bi shi da jan biro yadda kika saba, na shirya wa zagi.

Auta

*

Yaya,

Shiru. Na ce ko saƙon ne bai isa ba, na sake turowa, shiru. Na kira, maigidan ya ɗauka ya ce kina barci. Na sake kira wata rana, ya ce kin fita. To, Allah ya sa lafiya. Mutanen gida dai lafiya. Kaji ne babu.

Annoba ta shigo. Daga gonar da ke bayan titi ta fara, muka ji ana ta kwasar gawa, na hana kowa shiga wurin kajin, na zuba magani a bakin ƙofa, duk a banza. Wata safiya na tarar da biyu sun sunkuyar da kai, fukafukai a ƙasa. Kafin mako ya zagayo da baro nake kwasa. Likitan dabbobi ya zo da mutanensa cikin fararen riguna, ya duba, ya ce waɗanda suka rage ma ba za a bar su ba. Aka haƙa rami bayan ɗakin ajiya. Babban zakaran nan mai tsagaggen zanko, wanda Baba ke ba wa tsaba a tafin hannu, ni na riƙe musu shi. Na rufe labulen tagar Baba don kada ya gani, ya yi ta bugun katifa har sai da na buɗe. Ya kalli filin nan wayam, ya daɗe yana kallo. Da na kawo magani ya kau da kai.

Abin da ya rage mana a duniya ƙwai ne kiret biyu. Ranar da na ji labarin gonar bayan titi na tsince zaɓaɓɓu na kai gidan Gwaggo, can nesa da mu, ta sa a ɗakinta mai sanyi. Likitan ya ce waɗannan ba laifi, an kuma yi wa ɗakin injin feshi, ya yarda a zuba su. In suka fito, Jajayen Baba sun dawo. In ba su fito ba, shi ke nan, babu inda za a je a sayo.

Ƙwai kuwa ba ya jira, kin fi ni sani. Duk ranar da ta wuce wasu na mutuwa a cikin ɓawo. Gwajin da kika ce ko rabi bai kai ba. Tsohuwarki ita ma na gyara ta ta hau sabon allon, yau ɗin nan zan iya ɗora ta, amma ba ta da saƙon waya, ni kuma dole in riƙa fita da Baba gashin ƙashi, injin ya yini ba mai ganinsa. Sabuwar tana da saƙo, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Gaba kura baya sayaki.

Ki duba rubutun nan don girman Allah ki ce mini wacce. In maganar da na mayar miki ce ta ɓata miki rai, ki ajiye fushin a gefe, kya ɗauka daga baya.

Auta

*

Auta,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, ya ba Baba haƙuri. Mu lafiya lau, aiki ne ya sha kaina, ba fushi ba ne. Na duba, ya yi tsaf. Sa sabuwar. Zan rubuto da tsawo in na samu sarari.

Yayarka

*

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa, a gaida maigidan da mutuniyata. Mu nan da sauƙi.

Duk jiran nan, 'yan layuka kika ba ni kamar maganin asibiti. Amma ban yi ƙorafi ba. "Ya yi tsaf" daga bakinki, ke da ba ki taɓa barin abu ya wuce ba sai kin samo masa aibu, na karanta shi ya fi a ƙirga. Na sa sabuwar, na zuba ƙwan da bismillah.

Jiya na haska su. Na tura keken Baba har ɗakin injin, na rufe taga, na riƙa ɗora su ɗaya-ɗaya a bakin tocila. Ga jijiyoyi ja kamar saiwa, ga ɗan baƙin ɗigo yana motsi. Kusan duka sun kama, Yaya! Baba ya miƙo hannun hagu, na sa masa ɗaya, ya manna shi a kunci yana jin ɗuminsa, sannan ya nuna mini injin da haɓa, wato mayar da shi kada ya huce. Ranar ya ci abinci, ya sha magani ba faɗa. Kafin mu fita ya nuna mini robar ƙofar da ta saki ta ƙasa, inda iska ke shiga, ya harare ni irin hararar da. Na ce zan gyara, ban dai samu zuwa kasuwa ba.

Wayata na ta ƙit-ƙit, komai lafiya. Ki sa mu a addu'a.

Auta

*

Yaya,

Sallama. Ban san ta inda zan fara ba, don haka zan faɗa miki yadda ya faru.

Ranar gashin ƙashi ce. Saura ƙiris su fara fasa ɓawo, in ka kasa kunne a jikin ƙofa har kana jin ɗan kukansu. Mama ta biyo mu don a duba mata ƙafa, gida ba kowa. Layi ya yi tsawo, likita ya makara, muka yini a kan bencin nan na ƙarfe. Duk bayan ɗan lokaci wayar ta yi ƙit, in duba, in nuna wa Baba, ya gyaɗa kai. Komai lafiya. Komai lafiya. Har wata mata da ke kusa da mu ta ce wace budurwa ce ta matsa mini haka, muka yi dariya, har Baba ya murmusa da rabin baki.

Da la'asar muka dawo. Tun daga ƙofar gida na ji warin. Na bar Mama da keken na ruga. Ƙarfen injin ba ya taɓuwa. Hita na ci ja zur, lambar da ke fuskar allo kuwa ta tsaya a kan zafin safiya, ba ta gaba ba ta baya. Ina miƙa hannu zan fizge fulogi, wayar aljihuna ta yi ƙit.

Daga baya na gano abin. Wayar ma'aunin zafi ce ta ɗan saki, ma'aunin ya tsaya yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Hita kuwa umarni na ƙarshe da ta samu shi ne ta kunnu, ba wanda ya dawo ya ce ta mutu. Mai gadi yana can ɗakinsa yana taɓa agogonsa, yana aiko mini albishir. A shirmenki, da jerin ya maƙale a wurin ma'auni ba za a isa ga mai gadi ba, da ya kashe komai kafin ƙiftawar ido. Ba zato nake ba, na gwada. Na ɗora tsohuwar, na zare wayar nan da hannuna, hita ta mutu nan take. Na mayar, na sake zarewa, ta sake mutuwa. Na yi ta yi kamar taɓaɓɓe har sai da Mama ta zo ta janye ni.

Na fasa wasu in gani. Cikakkun 'yan tsaki ne Yaya, da jan gashinsu, bakinsu a jikin ɓawo. Na binne su kusa da iyayensu. 'Yan ƙwan layin ƙasa, na bakin robar nan da ban gyara ba, su ne ba su yi zafin sauran ba. Na mayar da su a kan tsohuwar manhaja, ina zaune a gaban injin, amma ban sa rai ba.

Ke kika ce kowa ya ji da kansa, har mai gadin. Ke kika ce ya yi tsaf. So nake ki gaya mini gaskiya, kin karanta, ko sallamata kika yi don na cika naci? Kina can kina gyara wa baƙi manyan injuna, na ubanki ko duba ɗaya bai samu ba. Ban gaya wa Baba komai ba, amma yana da hanci.

Auta

*

Auta,

Na karanta. Ba zan fara da lafiya lau ba, don ba haka ba ne, kuma tun wancan karon ba haka ba ne. Tiyata aka yi mini, aka cire mini wani ƙari a ciki. Lokacin da maigidan ke ce maka ina barci ko na fita, ina gadon asibiti. Ni na hana shi faɗa, na ce Mama da jinya ɗaya ma ya ta ƙare. Yanzu ina gida, ina takawa a hankali, an ce ba mugu ba ne.

Amsar tambayarka, ban karanta ba. A waya na buɗe shi, ana ƙara mini ruwa, idona na rufewa. Na ga sunaye a tsare, ɗakuna a share, na ce ya yi tsaf. Tsaf ɗin na gani, ban ga aikin ba. Jiya na zauna a tebur na buɗe shi sosai, kafin shayina ya huce na ga wurin. Ashe ma ka rubuto mini shi ƙarara a wasiƙarka, cewa ba ya jiran kowa, na bi ta kai na wuce.

Da na ce ka ba shi ɗakinsa, nufina rubutunsa ya zauna wuri ɗaya, ba a raba shi da mutanen gida ba. Aikin mai gadi ke nan ya bi ɗaki-ɗaki yana tambaya, ma'auni ka auna? Hita kin ji? In ɗaya bai amsa ba, ya ƙi taɓa agogon. A wurin aikinmu wannan ko faɗarsa ba a yi, shi ya sa ban faɗa ba, na manta kai kaɗai kake, ba ka da wanda zai leƙo ta kafaɗarka. A jeri kyauta ake samun wannan, tunda ba a isa ƙarshe sai an bi ta kan kowa. Ni kaina ban san na yi wannan dabarar ba. A ƙasa na sa shi don nan ne wuri ya rage.

Ba laifin yare ba ne. Har gobe in ka ce inji goma za ka haɗa, shi zan ce ka ɗauka. Amma ran nan ba yare ka tambaye ni ba, tambayarka ita ce wacce za a iya ba wa amana. Amsar ita ce tsohuwar, wadda ta shekara da shekaru ana ganin halinta. Ko kuwa in ce maka ba ni da idon dubawa. Girman kai ya hana ni faɗin ta farko, ɓoye-ɓoye ya hana ni ta biyu. Duk abin da ka faɗa mini na cancance shi, na kuma yi kuka har ɗinkin ya yi mini ciwo.

Ka gaya mini na layin ƙasa. Kuma don Allah kada ka ce mini lafiya in ba lafiya ba.

Yayarka

*

Assalamu alaikum Yaya,

Na daɗe ban rubuto ba. Da farko fushi ne, daga baya kunya, don na zage ki kina kwance da ɗinki a ciki. Sannu Yaya, Allah ya ƙara sauƙi, ki yafe mini. Na gaya wa Mama, ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce ki jira kiranta, ki tanadi kunne. Ga namu ba ƙari ba ragi. Ƙafar Mama ta ƙara kumbura. Baba ya rame, yau ya karɓi magani gobe ya ƙi. Ni kuma abinci ba ya shigar mini.

Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Ni na rubuta, kuma da na zare wayar nan sau ɗaya lokacin gwaji, da na gani. Lafiya kawai na gwada, ban gwada ɓaci ba. Na gyara sabuwar. Na bar ɗakunan yadda suke, na dawo da jeri a tsakiya yana bin su ɗaya bayan ɗaya, mai gadi a ƙarshe. Na zare kowace waya, na toshe fanka, na danne mai juyi, duk ya kama su. Robar ma na sake. Injin yana can yana aiki ba aibu, babu komai a cikinsa.

Uku suka fito daga layin ƙasa. Na raine su a kwali a ɗakina da ƙwan fitila, na kai wa Baba su tun ba su gama bushewa ba. Ya ɗaga yatsu uku yana tambaya, na ce eh, su ke nan. Ya rufe ido. Kaza ɗaya muke nema a cikinsu, ɗaya tak, irin ya tashi. Biyu tun da wuri zankonsu ya nuna, da suka tasa suka fara cara da muryar nan ta 'yan koyo. Na ukun ƙarami ne, zanko a kwance, ba ya faɗa, ya fi son gindin kwano. Har Mama ta laƙaba masa Amarya. Da aka yarda mu fito da su fili, kullum da safe Baba yana bakin taga, ba ya kallon manyan, Amarya yake kallo.

Shekaranjiya da safe ina ba Baba shayi a cokali, na farko ya yi cara, na biyu ya amsa. Sai muka ji wata siririyar cara, a karye, daga kan baron da Amarya ke hawa. Ban juya ba. Na ce wa Baba na farkon ne ya sake. Baba kuwa, da ya ƙare rayuwarsa yana rarrabe muryoyinsu, ya ture cokalin. Ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ƙara na biyu. Na ukun ya daɗe kafin ya miƙe. Sannan ya nuna mini labule.

Na rufe masa. Har yanzu bai ce a buɗe ba, magani ma bai karɓa ba. Ki nemi hutu ki zo, Yaya, kada ki tsaya rubuto amsa.

Ƙaninki,
Auta